Tambaya da Amsa: Bidiyon biki da ajiya a kilawud (ma'ajiyar intanet)

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina ɗaukar bidiyon biki a nan Bolari cikin Gombe, amma editan da yake min aiki a Jos yake, kullum sai na kai had disk tasha na ba direba, sai na ji an ce ya isa hankalina yake kwanciya. Wasu sun ce in koma Google Drive in huta. Zai yiwu kuwa? Daga wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zai yiwu amma ba yadda aka faɗa maka ba, kuma kafin ka sayi data bari mu yi lissafi tukunna. Kyamarar da take ɗaukar 4K, wato bidiyo mai hoto tar sosai, a kan megabit 100 a sakan tana cin kusan giga 45 a awa ɗaya, to ka haɗa kamu da ɗaurin aure da dina ka ga inda za ka tsaya. Google Drive giga 15 yake bayarwa kyauta, shi ma Gmail ɗinka da hotunanka suna ci a ciki, Dropbox kuwa, wata ma'ajiyar irinsa, giga 2 ne kawai. Sannan ɗorawa ba ta gudu kamar saukewa, in netwok ɗinka yana ɗorawa a megabit 5 to wannan giga 45 ɗin awa 20 zai ɗauka, in ba a ɗauke wuta ba ke nan kuma netwok bai yanke ba.

Shawarata ka daina tunanin ɗora asalin bidiyon gaba ɗaya. Ka yi masa furoksi, wato ƙaramin kwafi mara nauyi wanda ake yankawa a kansa, manhajar gyaran bidiyo ta Premiere Pro tana yi, DaVinci Resolve ma yana yi, tun na 18 da ya fito a 2022 har da manhajar furoksi daban ya zo da ita. Awa ɗaya sai ta dawo giga 2 ko 3, ka ɗora da dare, edita ya sauke a Jos ya yi yankansa ya turo maka fayil ɗin aikin wanda ba shi da wani nauyi, kai kuma ka buɗe a kwamfutarka ka haɗa shi da asalin bidiyon ka fitar. Amma fa sai manhajarku ta zama iri ɗaya kuma lambar fitowarta ɗaya, kuma dan Allah kada wani ya canza sunan fayil ko ya taɓa tsarin folda, nan ne ake shan wahala, sai ka buɗe ka ga komai ya yi ja wai bai ga bidiyo ba. Gyaran kala kuma a kan asalin ake yi, in editanka ne yake yi to had disk ɗin zai ci gaba da hawa mota, sai dai kada ka sake ba direba kana da kwafi ɗaya tak, ka ajiye na biyu a gida.

Abin da ya fi damuna gaskiya shi ne amana. Bidiyon kamu mata ne a cikinsa, matan aure da 'yan mata sun sake a tsakaninsu, in ka saita link ɗin a kan duk mai shi ya buɗe, to mutum ɗaya ya tura a guruf ɗin WhatsApp shi ke nan ya fita hannunka kuma kai za a nema. Ka sa imel ɗin edita shi kaɗai, ka kunna tantancewa mataki biyu a akawun ɗinka, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatar da kai ne, in aiki ya ƙare ka cire imel ɗin editan. Ka kuma kula, foldar da take haɗe da kilawud in ka goge abu a kwamfuta can ma ya tafi, Drive kwana 30 kawai yake riƙe shi a kwandon shara.