Agara a Bayan Baka: Amsa ga Ɗan Ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga wani yana manna agara, wato jijiyar dabba, a bayan bakan harbi, kana son sanin ko kakanninmu ma haka suke yi, da kuma yadda ake gyara ta.

A'a, ba aikinmu ba ne. Bakan maharbinmu itace ne guda, sai tsarkiya. Ƙarfinsa a kibiya yake, musamman dafin kwankwani da ake shafa wa bakinta, ko ƙwarzane ta yi wa dabba an gama. Masu lulluɓe baka da agara su ne Turkawa da Mongol, da mutanen asalin Amurka irin su Lakota da Komanci. Mahaya ne, gajeren baka suke so wanda za a ja a kan doki bai karye ba. Akwai dutsen Mongol na wajen shekarar 1225 da aka rubuta cewa ɗan ƙanen sarkinsu Jangis Khan ya harba kibiya ta wuce mita 500. Itace zalla ba ya wannan.

Gyaran kuwa na taɓa gwadawa da agarar saniya, don tsabar karambani. Iri biyu ce: ta ƙafa, gajera mai kauri, da ta gadon baya, doguwa kamar tsiri. Je wurin mahauci da sassafe kafin ya sassare ƙafafun. Kankare nama da kitse tas, domin gam ba ya kama maiƙo. Shanya ta a inuwa mai iska, nesa da kare. Ni kare ya cinye mini kashin farko, ba na mantawa. Bayan 'yan kwanaki za ta ƙafe kamar ƙaho, launin zuma, har haske yana ratsa ta.

Daga nan sai duka. Ɗora ta a kan dutse mai santsi, ka bi ta da taɓarya ko gudumar itace a hankali, kana jujjuyawa. Dutse mai kaifi tsinka zaren yake yi. Tana yin fari tana fashewa, sai ka sa yatsu kana tsagawa har ta koma silili kamar gashin jelar doki. Nan ne yini yake tafiya, yatsu su yi tsami. Ware dogaye daban, gajeru daban, ka ɗaɗɗaure.

Gam ɗin daga guntayen fata ake dafa shi. Turkawa har da na kifi suke yi. Jiƙa sililin ya yi laushi, ka tsoma a gam mai ɗumi. Ɗumi fa na ce: in ya yi zafi, agara ta ƙanƙance ta lalace nan take. Shimfiɗa a bayan bakan, wato gefen da ke kallon abin harbi, bakin wannan kada ya zo daidai da bakin wancan, kamar jerin bulo. Sai jira, makonni ko watanni. Tana bushewa tana jan bakan, har ya lanƙwasa ta baya.

Abokin gabarta laima. Shi ya sa masu ita suke rufe ta da ɓawon itace ko fata. Nawa ban rufe ba, damina ɗaya ya saki jiki. In za ka gwada, bari sai hunturu ya kama. Ka gaida mahaifiyarka.