Gidan gumagumai da dala 20,000? Amsoshin tambayoyinku na wannan makon

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, direban babbar mota ne ni, kuma wallahi haya ta ishe ni, ga shi bana son bashin banki saboda kuɗin ruwa. Na daɗe ina kallon bidiyo a YouTube na turawan da suke shiga daji su sare itace su gina gidan gumagumai da hannunsu, wani ma cewa yayi dala 20,000 kacal ya kashe har ya tare. Ina da ɗan abinda na tara, na ce zan sayi fili a bayan gari in yi nawa, amma mai ɗakina tace wannan lissafin ba gaskiya bane, har mun ɗan samu saɓani. Don Allah waye da gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ji haushina, amma uwargida ta fi ka gaskiya, ka je ka lallashe ta tukunna sannan ka dawo mu yi lissafi.

Ba wai na ce mai bidiyon maƙaryaci bane, zai iya yiwuwa abinda ya fitar daga aljihunsa kenan, amma ka tambayi kanka me ya ƙirga me ya bari. Yawancinsu filin nasu ne tun asali ko na gado, itatuwan a cikin filin suke, yana da tarakta, yana da ɗan'uwa mai aikin wayarin da wani aboki falamba da suka zo suka yi masa kyauta, kuma shekara biyu ko uku da ya kwashe yana fama bai saka musu farashi ba. Ga kuma abinda mutane suke mantawa, shi bidiyon da kake kallo sana'a ce, YouTube na biyansa, kamfanonin zarto mai inji da na kayan aiki suna ba wasunsu kaya kyauta don talla. Toh kai da za ka ajiye mota ka tafi daji fere ɓawon itace, waye zai biya maka haya da kuɗin cefane a watannin nan? Duk satin da baka hau titi ba kuɗi ne ya fita, kuma wannan kuɗin cikin kuɗin gidan yake ko ka rubuta ko baka rubuta ba.

Tunanin cewa gidan gungume gidan talaka ne yana da asali. Mutanen Suwidin da Finland ne suka shigo da wannan gini Amurka lokacin da suka sauka bakin kogin Delaware a 1638, kuma shi kansa Abraham Lincoln a irin ɗakin nan aka haife shi a Kentucky a 1809. Daga 1862 gwamnati har fili take bayarwa, eka 160 ga wanda zai zauna ya noma shi shekara biyar. Amma fa an rufe wannan ƙofar tun 1976, a Alaska ne kawai aka ɗan ja zuwa 1986. Kuma ɗakin wancan zamanin ciki ɗaya ne, ba wuta, ba famfo, bayi a waje, babu wani jami'i da zai zo ya duba. Mutumin da masu wannan sha'awar suka fi ambato, Dick Proenneke, wanda ya gina nasa a Twin Lakes cikin Alaska, ya sare itacensa a 1967 ya bar su suka sha iska sai 1968 ya dawo ya yi ginin, ɗakin kuma ƙafa 12 ne a 16 ko kusa da haka, shi kaɗai ba mata ba 'ya'ya, kuma dama can kafinta ne kuma makaniken injin dizal, kayan masarufi ma ƙaramin jirgin sama ke kawo masa. Kaga kenan ba irin gidan da za ka kai iyali bane.

Abinda nake so ka riƙe shi ne, bango ɓangare ɗaya ne kawai na kuɗin wannan aikin, kuma bango kaɗai ake nuna muku. A Minnesota ɗin da kake, doka ta ce fandisho sai ya nutse ƙasa da inda ƙanƙara ke kaiwa, inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewaci, wato ƙafa biyar cur, in ba haka ba ƙasa ta daskare ta ɗaga ginin ta tsaga shi. Bayan gari kuma babu ruwan famfo na gwamnati sai ka haƙa bohol, kuma mai haƙa da ƙafa yake caji, ba wanda zai ce maka ga inda ruwa zai fito sai an same shi. Sokawe ma ba rami za ka haƙa kawai ka rufe da silab kamar a gida ba, sai an gwada ƙasar wurin, mai lasisi ya zana, hukuma ta sa hannu, in ƙasar taɓo ce ko ruwa na kusa a ce sai irin na tudu wanda ya fi tsada sosai. Sai jawo wutar lantarki daga bakin titi, sai hanyar da motar siminti za ta bi ta shigo, sai rufin da zai ɗauki nauyin dusar ƙanƙara, tagogi, ƙofofi, na'urar ɗumama gida, kicin, banɗaki. Duk waɗannan kuɗinsu ɗaya ne ko bangonka gungume ne ko katako ne ko bulo. Kuma katakon rufi da na daɓe dai saye za ka yi a kasuwa, wanda ya fara gini a 2021 lokacin da farashin katako ya haura dala 1,600 kan ma'aunin da kafin korona ake sayar da shi ɗari huɗu da wani abu, shi zai baka labari.

Su kansu gumaguman ba wasa bane. Ɗanyen gungume mai kaurin ƙafa ɗaya da tsawon ƙafa 30 zai iya kusan rabin tan, kuma gida sai ya ci gommai, kowanne sai an fere ɓawonsa da hannu an ɗaga shi sama an ɗora kan ɗan'uwansa. Sarar itace na cikin sana'o'in da suka fi kashe mutane a Amurka, kuma masu yinta ƙwararru ne ba irinmu da muka koya a waya ba. Sannan ɗanyen itace yana motsewa in ya bushe, magina na barin kusan kashi 6 cikin 100 na tsayin bango saboda zama, wato bango mai ƙafa 9 zai iya sauka da wajen inci 6, in baka bar sarari a saman taga da ƙofa ba wata rana za ka tashi ƙofa ta ƙi buɗuwa gilashi ya fashe, bututun ruwa ya lanƙwashe. Akwai salon da ake soka rodi a cikin kowane gungume a haɗe shi da na ƙasansa, masu koyar da shi suna cewa baya zama sosai kuma ya fi sauƙi ga ɗan koyo, ni ma ina ganin in dole sai ka yi to shi ya fi maka, amma ka shirya wa dukan rodi da babbar guduma har hannu ya yi kanta.

Shawarata, kar ka sayi fili tukunna. Ka fara kiran ofishin gine-gine na gundumar da kake so ka tambaye su ko suna yarda mutum ya gina da itacen da ya sare da kansa, don wasu wuraren sai an kawo mai tantance ingancin itace ya buga hatimi, sai kuma injiniya ya sa hannu a zane. Ka karɓi farashin bohol da sokawe da jawo wuta a rubuce daga masu aikin yankin, ka haɗa da kuɗin fili, ka nuna wa madam. In har bayan wannan jikinka bai yi sanyi ba, ka gwada gina ƙaramin sito na ajiye kaya da gumagumai ka ga yadda bayanka zai ce. Kuma ka auna nisan wurin da masallacin Juma'a da islamiyyar yara da inda ake sayar da naman halal, don mai ɗakinka ita za ta zauna a can cikin sanyi kana kan hanyar Texas. Maganar gudun kuɗin ruwa kuwa Allah Ya saka da alheri, akwai kamfanoni a Amurka masu sayar da gida ta tsarin Musulunci, ka zauna da su da malamin da ka yarda da shi ka ji sharuɗɗansu kafin ka ɗauki gatari.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da maigidana muna Alberta a Kanada, mun ga kamfanoni a intanet suna sayar da gidan gumagumai a yanke an saka wa kowane itace lamba, sai dai ka haɗa kawai, kuma farashin bai kai rabin na gidajen cikin gari ba. Mu saya?

AMSA: Hajiya barka kadai. Wannan farashin da kika gani na kangon gida ne. Su kansu masu sana'ar in suka so faɗin gaskiya za su ce miki ki ninka shi sau biyu ko uku, wani lokacin fiye, kafin ki samu gidan da za a shiga a kwana. Kafin ku tura ko sisi ku ce su baku jerin abinda ke ciki a rubuce ɗaya bayan ɗaya, da rufi ko babu, da tagogi ko babu, waye zai biya tirelar da za ta kawo, waye zai biya injin ɗaga kaya ranar sauke su, kuma itacen busasshe ne na inji ko ɗanye. Kamfani biyu za su rubuta farashi ɗaya amma na ɗaya bango ne tsura na ɗayan har da rufi, shi yasa kwatanta su ta hoto ɓata lokaci ne.

Abinda ya fi damuna da gidajen nan shi ne hidimarsu bata ƙarewa. Duk bayan shekara uku zuwa biyar sai an wanke bangon waje an sake shafa masa mai, musamman gefen da rana ta fi duka, sai an bi tsakanin gumagumai an toshe inda ya buɗe, ana duba ƙwari masu huda itace, kuma in ruwa ya samu ya kwanta a gungumen ƙasa ya ruɓe, canza shi aiki ne na ƙwararru mai tsada. Wajen riƙe ɗumi ma ba yadda ake zuzutawa bane, inci ɗaya na irin itacen da ake amfani da shi ƙarfinsa wajen tare sanyi bai wuce 1.4 ba a ma'aunin da suke amfani da shi, bango mai inci 6 ya tashi 8 da ɗan wani abu, alhali bangon katako na yau da kullum da aka cusa wa abin tare sanyi ya ninka haka. Itace yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, wannan gaskiya ne, amma a hunturun Alberta da ake wuni ƙasa da sifili ba zai cece ku ba. Ku kira kamfanin inshora ku ji nawa za su caja tun kafin ku saya, gidan itace a cikin daji nesa da 'yan kwana-kwana ba kowa ke karɓarsa ba, ga gobarar daji da ta cinye unguwanni a Fort McMurray a 2016 a jiharku ɗinnan. In sha'awa ce kuma kuna da hali, ku saya Allah Ya sanya alheri. In don araha ne, araha dai ba ta ado.

TAMBAYA: Yallaɓai ina da gona a hanyar Kaduna zuwa Kachia, ina so in yi irin ɗakunan nan na turawa guda uku don baƙi masu zuwa hutawa, tunda siminti ya yi tsada. Zai yiwu a nan?

AMSA: Alhaji, zai yiwu amma ba zai zo maka da sauƙi ba, kuma ni ban baka shawara ba. Can inda ake wannan ginin dazukansu cike suke da dogayen itatuwa miƙaƙƙu masu laushin sassaƙa, kaurinsu kusan ɗaya daga gindi har sama. Mu kuwa me muke da shi? Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ga karkata ga tauri, kuma abinci ne ga mutane, wanda ya sare su don yin bango ya yi ɓarna. Itacen turare yana miƙewa amma in ya bushe tsagewa yake yana murɗewa, itacen tik kuma saye za ka yi a ɗauko maka, kafin ka biya kuɗin itace da takardar ma'aikatar gandun daji da mota da na shingayen hanya ka sayi bulo har ka yi filasta. Sai uwa uba gara, da damina mai jiƙa itace ya kumbura da hunturu mai busar da shi ya dare, duk tsagar da ta buɗe kuma ɗakin kunama ne.

Magabatanmu ba rashin dabara ce ta sa suka yi bango da tubali suka ajiye itace don rufi kawai ba, kuma ko a rufin azarar giginya suka zaɓa saboda gara bata cika iya mata ba. A Nijar ma tun shekarun 1980 ake koya wa magina ginin ƙasa mai kubba wanda ba a saka itace ko ɗaya, saboda itacen ya yi ƙaranci. In kamannin kake so don baƙi su ɗauki hoto, ka yi ginin ka da bulon jar ƙasa na matsi ko bulo na siminti, ka je wurin masu injin tsaga katako ka sayi fallen gefen nan masu ƙusumbi da suke warewa, ka sa a fere ɓawon a jiƙa su da maganin gara, kafinta ya jera maka su a fuskar bango ta waje. Ka ɗaga su daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi, ka sa kwanon rufi ya zarce bango sosai yadda feshin ruwa ba zai riƙa dukansu ba, kuma ka fara da ɗaki ɗaya ya ci damina guda ka gani kafin ka yi sauran biyun.