Amsoshin Tambayoyinku: Wane Salatif Ya Dace da Rufi, Taga da Gini Mai Tsoron Gobara?

Yawancin tambayoyin da suka iso a wannan makon sun karkata ne kan salatif ɗin gini, wato nau'o'in da ake toshe mahaɗar kwano, gefen taga da ramukan bututu da su, domin hana ruwa, ƙura, iska ko hayaƙi wucewa. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya daga wani magidanci a Zariya: Rufin gidana na dogon kwanon alminiyom ne, kuma a daminar bara ya fara yoyo a mahaɗar kwano da kuma inda kwano ya jingina da bango. Kafintana ya ce in sayo salatif mai kwalta irin Flashband, wani abokina kuma ya ce mai butil ya fi. Wanne zan saya?

Malam, dukansu biyun suna tare ruwa a ranar da aka manna su, amma ba a ranar farko ake gane bambancinsu ba, sai rana ta dake su na shekara biyu ko uku. Kwano ba ya zama wuri guda. Alminiyom yana miƙewa da kimanin milimita 0.023 a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, wanda ke nufin kwano mai tsawon mita 10 da ya kwana a digiri 20 sannan rana ta kai shi digiri 70, kamar yadda ake gani a watan Afrilu, zai ƙara tsawo da fiye da santimita ɗaya, kuma da dare ya koma yadda yake. Wannan kai-komo ne na kullum yake kashe salatif. Mai kwalta ya fi araha kuma ya fi samuwa, amma kwalta tana yin laushi har ta zame a tsananin zafi, sannan da tafiya ta yi nisa ta bushe ta tsattsage. Butil kuwa roba ce irin wadda ake yin tif ɗin tayar mota da ita, ba ta saurin bushewa, kuma tana bin kwano duk inda ya motsa. Idan aljihunka zai ɗauka, butil nake ba ka shawara: mai gam a fuska biyu domin sakawa tsakanin kwano da kwano kafin a ɗaure su, da kuma mai fuskar alminiyom domin duk wurin da rana za ta riƙa gani kai tsaye.

Sai dai a inda kwano ya haɗu da bango, kada ka dogara da salatif shi kaɗai, komai tsadarsa. Aikin da ke ɗorewa shi ne a tsaga bango kaɗan, a cusa bakin wani lanƙwasasshen kwano a cikin tsagar, a shafe da siminti, ta yadda ruwan da ke gangarowa daga bango zai hau kansa ya sauka a rufi. Salatif ƙari ne a ƙarƙashin wannan.

Mafi yawan salatif ɗin da ke ɗagowa ba laifin kamfani ba ne, a kan ƙura aka manna shi. A wanke wurin, a kankare tsatsa da tsohuwar kwalta, a bari ya bushe ƙarau, sannan a goge da sifirit. Kada ka yarda a goge da kananzir ko fetur, domin suna barin maiƙo kuma suna narkar da gam ɗin. Idan gefe ɗaya zai hau kan filastar siminti, sai an fara shafa ruwan share fage da kamfanin ya tanada, in ba haka ba gam zai kama garin siminti ne kawai. A fara mannawa daga ƙasa zuwa sama domin na sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla santimita 5, kuma a danne da ƙaramar rola, saboda irin wannan gam matsi ne yake sa shi kamawa. Hantsi ne lokacin aikin, bayan raɓa ta bushe kuma kafin kwano ya fi ƙarfin hannu. Idan kuwa yoyon daga kan ƙusoshi yake, robar da ke ƙarƙashin kawunansu ce ta mutu, kuma canza ta ya fi manna wani abu a kai.

Tambaya daga wata uwargida a Damagaram: Tagogin gidanmu na alminiyom ne masu zamewa, amma da hunturu ya shigo sai ƙura ta lulluɓe komai ko da an rufe su, kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta riƙe sanyi da bazara. Akwai salatif ɗin da zan saya in toshe su gaba ɗaya?

Hajiya, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi tana da laushin da duk inda iska ta bi ita ma za ta bi, saboda haka aikin shi ne a gano ta inda iskar ke shiga. A ranar da iska ke kaɗawa, ki rufe ɗakin, ki kunna turaren tsinke, ki riƙa bin gefen taga da shi a hankali kina kallon hayaƙin. Inda ya karkata ko ya watse, a nan kafar take. Ki gwada ƙasan ƙofa, da ramin da bututun na'urar ya ratsa bango, da kewayen fitilun da aka saka a silin, domin sau da yawa ƙurar daga saman silin take saukowa, taga kuma ta ɗauki laifin.

Kafofin taga iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai ratar da ke tsakanin firam da bango, wadda ba ta motsi sosai. Wannan ana cike ta da salatif ɗin soso da ake sayarwa a matse, wanda yake kumbura a hankali bayan an saka shi har ya cike gurbin, ko kuma a cusa igiyar soso a bi ta da silikon mai kyau. Sannan akwai ratar da ke tsakanin ɓangaren da ke zamewa da firam ɗinsa, kuma nan ba wurin gam ba ne. Abin da ake sakawa shi ne siririn layi mai gashi kamar buroshi, wanda ake zurawa cikin kwarmin firam, kuma yana cinyewa da shekaru har sai an canza shi. Taga ko ƙofa mai buɗewa da hinji kuwa robar EPDM, wadda ke jure rana da ruwa, ita ce ta dace da ita. Farin soso mai araha da ake sayarwa a nannaɗe yakan dagargaje cikin ɗan lokaci idan rana na dukansa. Ki kuma gargaɗi mai aikin kada ya toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan firam ta waje, domin ta nan ruwan sama ke fita.

Akwai abin da ya fi ƙura muhimmanci a tambayarki, wato kalmar da kika yi amfani da ita ta toshewa gaba ɗaya. A Jamus, gidajen da ake ginawa bisa ƙa'idar Passivhaus ana toshe su har iskar da ke sulalewa cikin awa ɗaya ba ta wuce 0.6 na iskar gidan ba idan aka gwada da matsin iska na faskal 50 (faskal ma'aunin matsi ne), amma irin waɗannan gidaje suna da na'urar da ke shigo da sabuwar iska dare da rana. Gidajenmu ba su da ita, kuma yawancin na'urorin sanyaya ɗaki na bango iskar cikin ɗakin kawai suke jujjuyawa. Ɗakin da aka toshe sosai, sannan aka shigar da kaskon gawayi domin jin ɗumi, ko aka kunna janareto a baranda kusa da taga, zai tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari, kuma tana kashe mutane suna barci. Ki toshe ɗakunan kwana da falo, ki bar wa kicin da banɗaki mafitar iska, ki riƙa buɗe tagogi na ɗan lokaci kullum idan ƙura ta lafa, kuma wutar gawayi ba ta kwana a rufaffen ɗaki ko da sanyin ya kai yaya.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Ina gina jerin shaguna masu hawa biyu. Mai sayar da kaya ya nuna mini salatif ɗin alminiyom da aka rubuta cewa ba ya cin wuta, ya ce in rufe ramukan wayoyi da bututu da shi. Ya isa kariya daga gobara?

Alhaji, bai isa ba, kuma gara ka ji haka tun ginin bai kai ga fenti ba. Abu ya ƙi kamawa da wuta daban, abu ya tare wuta daga ratsawa zuwa ɗakin gaba kuma daban. A ƙa'idar Turai, na farko ana auna shi da EN 13501-1, inda ake ba kaya daraja daga A1 zuwa F, na biyu kuma da EN 13501-2, inda za ka ga rubutu kamar EI 30, EI 60 ko EI 120, lambar tana nufin mintunan da shingen ya tare harshen wuta da zafi a gwaji. Salatif ɗin da aka nuna maka yana iya samun daraja mai kyau a na farko ba tare da ya taɓa shiga gwaji na biyu ba. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, alhali tanderun gwajin gobara yana haura digiri 800 kafin a cika rabin awa, gam ɗin da ke bayansa kuwa tun kafin nan ya saki. Amfaninsa na gaskiya shi ne rufe mahaɗar abin tare zafi da bututun iska.

Abin da ake amfani da shi domin gobara wani sinadari ne da ke kumbura idan zafi ya kai kusan digiri 200, ya ninka girmansa sau da yawa, ya zama baƙin dunƙule da ke cike gurbi. Ana sayar da shi a matsayin layin da ake sakawa a kwarmin gefen ƙofar gobara, da ɗamarar da ake naɗa wa bututu, da kuma wanda ake matsawa daga gwangwani. Bututun PVC shi ne ya fi bukatar kulawa, domin idan ya narke yana barin rami a tsakiyar dakin, wato kankaren da ya raba hawa da hawa, wuta da hayaƙi su haye sama ta nan, ɗamarar kuwa tana matse shi ta rufe ramin yayin da yake laushi. Manyan ramuka ana cusa musu audugar dutse (wani abu mai kama da auduga da ake yi daga narkakken dutse) a matse kafin a shafe fuskar. Kumfar gwangwani da ake fesa wa gefen ƙofa, in ba wadda aka gwada domin gobara ba ce, makamashi ce.

Darajar mintuna ba ta salatif ba ce shi kaɗai, ta dukan haɗin ce: irin bangon, kaurinsa, faɗin ratar, irin bututun da girmansa. Saboda haka ka nemi takardar gwaji mai ɗauke da lambar EN 1366-3 idan ramin bututu ko waya ne, ko EN 1366-4 idan doguwar rata ce, ka ba injiniyanka ya duba ko abin da aka gwada ya yi daidai da gininka. Binciken gobarar benen Grenfell da ke Landan, wadda ta halaka mutum 72 a watan Yunin 2017, ya ɗora babban laifi a kan kayan da aka lulluɓe benen da su ta waje, amma ya kuma gano shingayen wuta da aka saka ba daidai ba, da ƙofofin da ba sa rufe kansu. 

A gininka akwai abin da ya riga salatif. Wanda ya ga yadda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta lashe dubban shaguna ya san cewa jerin shaguna masu rufi ɗaya suna da saurin miƙa wa juna wuta. Magina da yawa suna tsayar da bangon da ya raba shago da shago a daidai silin domin a rage bulo, sai sararin saman ya zama hanya guda daga farkon gini zuwa ƙarshensa. Ka sa a kai kowane bango har ƙarƙashin dakin ko kwano, a toshe ratar da ta rage da audugar dutse. Kuɗin wannan bulon ya fi duk wani salatif amfani.

Tambaya daga wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Kaduna: Ta yaya zan gane salatif mai kyau a kasuwa, tunda duk kamanninsu ɗaya?

Malam, ka fara da guje wa salatif mai launin toka da zare a ciki a aikin bututun iska. A 1998 masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun gwada abubuwan toshe bututu iri-iri da iska mai zafi da mai sanyi, kuma wannan nau'in ne ya riƙa saki. Ka nemi na alminiyom mai gam ɗin akirilik, wanda aka buga alamar UL 181, wato shaidar gwajin kayan bututun iska ta Amurka, a jikinsa, ba a kwali kaɗai ba. Ka duba ranar da aka yi shi, domin gam yana tsufa, kuma wanda ya daɗe a shago mai rufin kwano yakan nuna kansa: gefen naɗin yana danƙo, ko takardar bayan tana yagewa maimakon ta ɓare sumul. Idan kayan na waje ne kuma za ka sayi da yawa, ka tambayi dila takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kayan da aka shigo da su, ta hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya.

Kafin ka biya kuɗin katan, sayi naɗi ɗaya. Ka yanki tsawon yatsa biyu, ka manna a kan irin ƙarfen da za ka yi aiki da shi, ka danne sosai, ka bar shi a rana kwana uku, domin akirilik yana ɗaukar kusan awa 72 kafin ya gama kamawa. Sannan ka ja shi a hankali. Idan ya taso cikin sauƙi, ko gam ya rabu da alminiyom ɗin ya zauna a kan ƙarfe, ka nemi wani dilan.