Tambaya da Amsa: Tunda Gettier ya karya ma'anar sani, ashe ba wanda ya san komai ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ɗalibin falsafa ne, ina aji biyu a jami'a. A zangon karatun da ya wuce muka yi matsalar Gettier, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Da farko an koya mana cewa sani shi ne mutum ya gaskata abu, abin ya zama gaskiya ne, kuma yana da hujja a kai. Sai kuma aka nuna mana ana iya cika sharuɗɗan nan uku amma ba a sani ba, malaminmu ya ce har yau ba a daidaita kan sharaɗi na huɗu ba. Na yi wa yayana hirar, shi kuma dama yana bin wani mai magani a TikTok. Sai ya ce ai ga shi nan, ba wanda ya san komai, da likita da mai magani duk lalube suke yi, kowa da fahimtarsa. Yanzu so yake mahaifiyarmu ta ajiye maganin hawan jini na asibiti ta koma na mutumin. Na rasa abin ce masa, don ni ma na fara jin kamar yana da gaskiya. Malam, idan masana sun kasa faɗin ma'anar sani, da wane baki zan ce likita ya fi wancan sani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu taɓa falsafa, kada Hajiya ta ajiye maganinta. Hawan jini yakan yi ɓarnarsa a ɓoye, mutum yana jin garau, sai dai a ga shanyewar ɓarin jiki ko ƙoda ta taɓu. In akwai abin da ke damunta game da ƙwayoyin, ku kai ta wurin likitan da ya rubuta su, shi zai canza ko ya rage. Wannan ba ya jiran sai kun gama muhawara da yayanka.

To, mu dawo kan Edmund Gettier, masanin falsafa ɗan Amurka. Maƙalar da ya buga a mujallar Analysis a 1963, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, shafi uku ce kacal, kuma abu ɗaya ta yi da'awa: sharuɗɗan nan uku ba su isa ba. Ka koma ka karanta ta a hankali, ba za ka ga inda ya ce babu sani ba. Hasali ma hujjarsa ba ta tsayuwa sai da sani. Ɗauki misalin da Bertrand Russell ya riga shi bayarwa a 1948. Mutum ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ga ƙarfe biyu, ya gaskata ƙarfe biyu ta yi. Kuma ta yi ɗin. Abin da bai sani ba, agogon ya tsaya tun ƙarfe biyun dare, dace kawai ya yi ya duba a daidai lokacin. Duk wanda ka karanta wa wannan zai ce mutumin bai san lokaci ba, katari ya yi. Ina ka samo wannan hukuncin? Ka same shi ne domin kana iya rarrabe shi da maƙwabcinsa da ya dubi agogo mai tafiya daidai. Da a ce maƙwabcin ma bai sani ba, da misalin bai nuna komai ba, da ba a kwashe shekara sittin ana rubutu a kansa ba.

Gaskiya ne masana falsafa ba su daidaita kan sharaɗi na huɗun ba. Alvin Goldman ya ce a 1967 sani ba ya tabbata sai in gaskiyar abin ce musabbabin gaskatawar. Robert Nozick ya ce a 1981 sai in da abin ba haka yake ba, da ba ka gaskata shi ba. Kowanne an kawo masa misalin da ya kayar da shi. Linda Zagzebski ta bayyana dalili a 1994: muddin hujja ba ta lamunce gaskiya ɗari bisa ɗari, ana iya ƙirƙiro labarin da rashin sa'a zai ɓata hujjar, sa'a kuma ta zo ta mayar da abin gaskiya. Timothy Williamson na Oxford ya ce a 2000 a daina wahalar tsinka sani gida-gida, a ɗauke shi a matsayin tushe, a fassara hujja da gaskatawa da shi. Ni ra'ayinsa ya fi kwanta mini, ko da yake akwai manyan da ba su yarda ba. Amma ka lura, cikin mutanen nan huɗu babu wanda ya kammala da cewa ba a san komai ba. Rigimarsu a kan ta'arifi take, wato fayyace ma'anar sani. Har yau masana ilimin halittu ba su da ma'anar rai guda ɗaya da kowa ya sa wa hannu, kuma wannan bai sa likita ya kasa bambance mai numfashi da gawa ba.

Inda nake so in daɗe shi ne maganar yayanka, domin ita nake ji kusan kullum, a aji da majalisa da waya, kuma ta ishe ni. Tsarinta ɗaya ne ko wa ya faɗe ta: kowa na iya kuskure, saboda haka ba wanda ya sani, saboda haka maganar kowa daidai take da ta kowa. Tsalle biyu ne a nan, kuma duka biyun mandiƙi, wato ilimin auna hujja, bai yarda da su ba.

Na farko, an ɗauka sani ba ya tabbata sai kuskure ya zama abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Wa ya kafa wannan sharaɗin? Mafi yawan masu nazarin sani a yau sun tafi a kan cewa mutum yana iya sanin abu da hujjar da a wani yanayi dabam za ta iya yaudararsa. Gettier da kansa ya faɗa a farkon maƙalarsa cewa ana iya samun hujja a kan abin da ba gaskiya ba. Kai ma da ka zauna a zaure ka san wannan tun kafin ka ji sunan Gettier. Alƙali yana yanke hukunci da shaidu biyu adalai, alhali ya san shaida na iya ƙarya ko mantuwa. Ba a taɓa cewa tunda haka ne a rufe kotu, ko a ce maganar shaida adali da ta wanda aka sani da ƙarya ɗaya suke ba. Abin da aka yi shi ne aka kafa hanyar tantance shaidu.

Akwai kuma wata zamba a cikin lafazin da ɗalibin mandiƙi bai kamata ta wuce shi ba. "Kowace magana tana iya zama kuskure" daban take da "dukkan maganganu suna iya zama kuskure a lokaci guda". Kowane ɗan takarar gwamna yana iya cin zaɓe, amma ba za su ci su duka ba. Gilbert Ryle ya kawo wannan a 1954 da misalin kuɗi: ba a samun jabun kuɗi sai a ƙasar da ke da kuɗin gaske. Ɗan kasuwar da aka taɓa cuta da jabun dubu ɗaya ba ya daina karɓar kuɗi. Ɗaga takardar yake yi sama ya duba ta a haske, ya murza ta da yatsa. Kalmar kuskure kanta ba ta da ma'ana in ba a iya gane daidai, kuma duk kuskuren da ka taɓa ganowa, da wani abin da ka sani ka gano shi.

Tsalle na biyu ya fi muni, shi ne kuma mai kashe mutane. A ce ma mun sallama babu mai yaƙini. Ta yaya wannan ya mayar da hujjoji duka nauyi ɗaya? Maganin da aka gwada a kan dubban marasa lafiya, aka kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, aka ƙirga nawa suka samu shanyewar jiki a kowane ɓangare, aka buga sakamakon don abokan hamayya su nemi aibinsa, yana iya zama da kuskure. Garin maganin da aka ƙulla a leda, ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadinsa ba, shaidarsa kawai bidiyon mutum uku da suka ce sun warke, shi ma yana iya zama da kuskure. Kalmar "iya" ce kaɗai ta haɗa su. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukkan abin da ake nufi da hujja. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba suka ɗura musu. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwa. Masu yaɗawa da yawa cewa suke, wa ya sani, ko likitocin ma ai ba su da tabbas.

Za su ce maka kimiyya tana canza magana. Tana canzawa, kuma ina so ka dubi yadda take canzawar. Shekaru da yawa likitoci suna ɗora gyambon ciki a kan damuwa da yawan sinadarin da ke narka abinci. Barry Marshall da Robin Warren a Ostareliya suka ce ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa. Ba a yarda da su ba da farko. Marshall ya kai ga shan ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kumbura, aka duba aka gani. Wasu suka maimaita binciken, magana ta tabbata, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Waɗannan ba su tsaya suna cewa kowa da fahimtarsa ba. Cewa suka yi kun yi kuskure, ga shaida, ku gwada. Mai maganin TikTok yana son a ba shi darajar Marshall ba tare da ya yi ko ɗaya daga abin da Marshall ya yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shakkar tasu mai zaɓe ce. Akwai masu shakka na gaske a wannan fanni, ina kuma girmama su. Peter Unger ya rubuta littafi guda a 1975 yana kare cewa ba a san komai ba, ya bi hujjarsa har inda ta kai shi, bai ware kansa ba. Shi kuwa mutumin yayanka, shakkarsa tana aiki ne a kan likita kawai. Da an zo kan garinsa sai ka ji yaƙini: yana maganin hawan jini da suga da basir da sanyi, kwana bakwai an gama. Bai taɓa shakkar lambar asusun da yake karantowa a ƙarshen bidiyo ba. In ka tura kuɗin babu sifili ɗaya, ba zai ce maka kowa da lissafinsa ba. Wanda ya ce ba wanda ya sani, sannan ya ce a bar wancan a sha nawa, ya warware maganarsa da bakinsa, domin fifita nasa da'awar sani ce. Wannan raddin tsoho ne, Aflatun ya yi wa Protagoras, mai cewa abin da kowa ya gani shi ne gaskiya a wurinsa, irinsa tun kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarnuka.

Ina kuma da ƙorafi a kan mu masu koyarwa. Mukan ba ɗalibi Gettier a mako ɗaya, mu nuna masa rushewar ma'ana, jarrabawa ta matso, mu wuce ba mu kai shi inda aka tattauna abin da rushewar ke nufi ba. Sai yaro ya fita da rabin darasi, yana ganin wayewa ita ce ya ce ba a san komai ba. Masanin falsafa G. E. Moore ya ɗaga hannuwansa biyu a gaban masana a 1939 ya ce ga hannu ɗaya, ga wani. Mutane suna ɗaukar abin wasa, amma akwai hujja mai nauyi a ƙarƙashinsa: idan wata muhawara mai sarƙaƙiya ta kai ka ga cewa ba ka san kana da hannu ba, tabbacinka game da hannun ya fi tabbacinka game da kowane ɗaya daga matakan muhawarar, don haka matakan za ka koma ka bincika. Haka za ka yi da duk hujjar da ta ƙare da cewa Hajiya ta ajiye maganinta.

Da wane baki za ka ce likita ya fi shi sani? Ba ka buƙatar sharaɗi na huɗu kafin ka faɗa. Darasin Gettier ma yana gefenka, domin abin da ya koya mana shi ne dace ba sani ba ne. Mai magani yana iya ba mutum goma gari, biyu su ji sauƙi don dama za su ji, ya ɗauki bidiyonsu, takwas ɗin kuma ba mai jin labarinsu. Don haka kada ka ja da yayanka a kan ma'anar sani, ba nan matsalarsa take ba, tsoro yake ji wa mahaifiyarku kamar yadda kake ji. Ka zauna da shi cikin ladabi, yayanka ne, ka roƙe shi ya tura wa mutumin tambayoyi: me ke cikin garin, nawa ake sha kuma me ya sa, mutum nawa suka sha ba su warke ba, yana da lambar rajistar NAFDAC, kuma wane sakamako ne in ya gani zai yarda maganinsa ba ya aiki? Sannan ku tafi tare ranar da Hajiya za ta ga likita, shi ma ya yi masa waɗannan tambayoyin a kan ƙwayoyin da take sha. Ku sayi na'urar awon jini ta gida in da hali, ku riƙa rubuta awon safe da yamma a littafi, ku tafi da shi asibitin.