Shirun Cáit Wane Iri Ne? Amsar Wasiƙu Uku Kan Wani Fim Na Ƙasar Ailan

Wasiƙu uku suka iso mini a kan abu ɗaya, kuma masu su ba su san juna ba. Dukansu sun kalli wani fim na ƙasar Ailan mai suna An Cailín Ciúin, wanda Turawa ke kira The Quiet Girl, kowanne kuma ya fito da wata kalma da ta tsaya masa a maƙogwaro.

Ga wanda bai gani ba, Colm Bairéad ne ya ba da umarnin fim ɗin, ya ɗauko shi daga gajeren labarin Claire Keegan mai suna Foster. An fara nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin da ke Jamus a Fabrairun 2022. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 9 mai suna Cáit, a ƙauyen Ailan na 1981. Gidansu yara sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan, uwa na da tsohon ciki, uba kuma mashayi ne ɗan caca. Sai aka kai ta gidan Eibhlín, 'yar'uwar mahaifiyarta, da mijinta Seán, manomi mai shanu, ta zauna da su har uwar ta haihu. Iyakar labarin ke nan.

Wasiƙar farko daga wata malamar makaranta ce a Katsina. Ta ce: "Malam, na so in ba ɗalibaina sunan fim ɗin da Hausa, na rubuta 'Yarinya Mai Shiru', amma kunnena bai karɓa ba. Shin shiru da kawaici da kurum duk abu ɗaya ne?"

Malama, kunnenki ya yi gaskiya. Bahaushe ba ya cewa "mai shiru" in yana nufin hali. Yakan ninka kalmar ne, ya ce wance shiru-shiru ce. Shiru guda ɗaya aiki ne na lokaci: ka yi shiru yanzu, ka yi magana an jima. Ninkin shi ke mai da shi ɗabi'a, kamar yadda muke cewa sanyi-sanyi gare shi. Don haka in suna kike nema, "Yarinya Shiru-Shiru" ya fi zama daram.

Kurum da kawai kuwa tagwaye ne masu ban sha'awa. Yau mun fi sanin su da ma'anar "kaɗai": ruwa kawai na sha, gaisuwa kurum na zo yi. Amma dukansu suna da ma'anar rufe baki. Ana cewa "ya yi kurum", kuma tsofaffi kan ce "ya yi kawai", wato bai ce uffan ba. Daga wannan kawai ɗin aka sami kawaici, da ɗafa-ƙeyar nan ta -ci da ke ƙera sunan hali, irin ta butulci da ha'inci. Sai dai kawaici ya fi shiru nauyi nesa ba kusa ba. Mai shiru yana iya zama bai san komai ba. Mai kawaici ya gani, ya ji, yana da abin faɗa, ya haɗiye don kada ya kunyata wani. Shi ya sa yaro ƙarami ba a cika ce masa mai kawaici ba. Sai hankali ya zo kawaici ke zuwa.

To a nan ne fim ɗin ya burge ni, domin shirun yarinyar ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. A gidan ubanta shirunta na tsoro ne. Tana laɓewa cikin ciyawa ana kiranta, tana ɓuya ƙarƙashin gado don ta yi fitsarin kwance. Wannan shi muke kira tsuru-tsuru, ko mu ce yarinya ta takure. Daren farko a gidan riƙo ma ta jiƙa katifa. Da safe Eibhlín ta duba, ta ɗora laifin a kan katifar, wai tsohuwa ce mai tsattsafo, ta fitar da ita shanya. Malama, in ɗalibanki suka tambaye ki ma'anar kawaici, ki ba su wannan misalin ki huta. Matar ta san abin da ya faru sarai, ta kau da kai.

Daga baya yarinyar ita ma ta koya. Wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta tsare ta a hanya da tambayoyi, har ta fesa mata cewa mutanen da take zaune wurinsu sun taɓa haihuwar ɗa namiji, ya faɗa ramin kashin shanu ya mutu, kuma kayansa ne aka riƙa sa mata. Seán ya nuna mata cewa ba dole ne mutum ya yi magana ba, kuma da yawa sun yi asara don sun kasa yin shiru a inda ya kamata. Ba mu rasa wannan ba. Mun ce baki shi ke yanka wuya, mun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda ya fi dacewa da wurin, a ganina, shi ne "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba". Lokacin da aka mayar da ita gida uwarta na tambayar ko wani abu ya faru, shirun da ta yi ba na tsoro ba ne kuma. Ta riƙe sirrin mutanen da suka riƙe ta.

Kalma ɗaya kawai zan ja miki kunne a kanta: kada ki ce mata miskila. Wannan daga Larabci muka aro ta, mushkil, abu mai wuyar sha'ani. Miskili yana shiru ne don ya wahalar da kai, ka yi masa magana ya dube ka ya kau da ido. Shi aka yi wa kirari da ya fi mahaukaci ban haushi. Cáit ba ta da wannan ko kaɗan.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce da ke karatu a Dablin, babban birnin Ailan. Ya ce ya kalli fim ɗin a silima tare da 'yan ƙasar. Da aka gama, fitilu suka kama, ba wanda ya motsa. Wata dattijuwa kusa da shi tana share ido da bakin mayafin wuyanta, wani ƙato a gabansa yana jan hanci. "Malam, me Bahaushe zai kira wannan shirun? Na ce wa abokina 'shiru kamar an aiki bawa garinsu', ya ce ban faɗa daidai ba."

Ɗana, abokinka ya fi ka gaskiya. Shirun an aiki bawa garinsu na jira ne: ka aiki mutum ko an yi maka alkawari, ka zuba ido, ba labari. Bawan da aka aika garin da aka kamo shi ai ba zai dawo ba. Haka "shiru kake ji, malam ya ci shirwa", shi kuma na wanda ya yi abin kunya ne ya rasa bakin magana. Babu ɗaya da ya dace da ɗakin silima.

Abin da kake nema yana cikin kalmomin nan da ke zana yanayi da amonsu. Tsit na wuri ne: ɗaki ya yi tsit, ko tari ba ka ji. Gum na baki ne, kuma da gangan: an tambaye shi ya yi gum. Jugum na jiki ne da zuciya tare, mutum ya zauna kafaɗa a sake, ido a ƙasa, kamar zaman makoki. In jama'a ne sai a ce sun yi jugum-jugum. Saboda haka sai ka ce silima ta yi tsit, mutane suka yi jugum-jugum, jikin kowa ya yi sanyi. Dattijuwar nan hawaye take sharewa, tunda sun zubo. Ƙaton da ke gabanka ƙwalla ce ta cika masa ido, yana kokawa da ita kada ta sauko. Mu maza mun daɗe muna fakewa a bayan wannan bambancin.

Ka kuma sani cewa kukan mutanen nan ba na yarinyar kaɗai ba ne. Harshen da aka yi fim ɗin da shi, wanda masu shi ke kira Gaeilge, shi ne harshen hukuma na farko a tsarin mulkin ƙasarsu, ana kuma koyar da shi a makarantu, amma Ingilishi ya cinye kasuwa da gida tun tuni. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya shi, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. Da yawa daga waɗanda ka zauna da su suna jin harshen kakanninsu ne a kunne, idonsu na bin fassarar Ingilishi a ƙasan allo. A cikin fim ɗin ma uban yarinyar da Ingilishi yake magana, gidan da aka nuna mata ƙauna kuwa da harshen gado. Wanda ya tashi a wannan ƙasa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Ka tambaya kuma ko "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" ya dace da nasarar fim ɗin. Ya dace rabi. An yi shi ne ƙarƙashin shirin Cine4, wanda tashar talabijin ta TG4 ke cikin masu ɗaukar nauyinsa, da jarin da bai wuce Yuro miliyan 1.2 ba. A wurinsu wannan ƙaramin jari ne; furodusan Kano da ya ji adadin zai riƙe baki. Duk da haka ya ci kyaututtuka 7 a gasar finafinan ƙasarsu, ya fi duk wani fim na harshen da ya gabace shi kawo kuɗi, ya kuma zama na farko a harshen da ya shiga jerin ƙarshe na gasar Oska a rukunin finafinan ƙasashen waje a 2023, ko da yake wani fim na Jamus ne ya ɗauke kyautar. Amma karin maganar tana ɗauke da cutarwa, hakin ido yake tsonewa. Ana yi wa mai raini gargaɗi ne da ita. In kana nufin masu cewa ba mai biyan kuɗi ya kalli fim da wannan harshe, to ka jefa musu ita. In yabon fim ɗin kake, ce kaɗan mai albarka.

Ta uku daga wata uwa ce a Maraɗi, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Ta ce: "Malam, yarinyar nan agola ce ko 'yar riƙo? Kuma me ya sa a ƙarshe ta kira mutumin da bai haife ta ba Baba?"

Hajiya, ba agola ba ce. Agola shi ne ɗan da uwa ta shigo da shi gidan sabon miji. Cáit 'yar riƙo ce, Eibhlín mariƙiyarta, Seán mariƙinta. Ki lura da kalmar da kanta: daga riƙe take, aikin hannu. Raino na jariri ne, goyo na baya ne, riƙo kuwa na wanda ya riga ya iya tafiya ne amma in an sake shi zai faɗi. Kuma muna da kalmar da ke auna riƙon banza, riƙon sakainar kashi, wato ka ɗauki abu da yatsu biyu kana nesa da shi da hancinka. Haka uban Cáit ya riƙe ta. Ya sauke ta a gidan mutane, ya ja motarsa da jakar kayanta a ciki bai ko tuna ba.

Ni ma ɗan riƙo ne. Ina shekara 7 aka kai ni wurin gwaggona. Mijinta mutum ne da ba ya dariya da yara, wata biyu ban ji ya kira sunana ba. Ran nan ya daka mini tsawa don na bar akuya ta shiga rumbu. Washegari da asuba zan tafi makarantar allo, na sa hannu a aljihun 'yar-sharata na ji ƙuli-ƙuli guda uku. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, har ya koma ga Allah. Shi ya sa da na ga Seán, bayan ya yi wa yarinyar faɗa, ya zo wucewa ya ajiye mata biskit ɗaya a kan tebur ya fice bai waiwaya ba, sai da na tsayar da fim ɗin na ɗan fita tsakar gida.

Batun kiran Baba kuwa, mu bai kamata ya ba mu mamaki ba. Saboda alkunya, iyaye da yawa ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ke ɗauke shi bayan yaye. Sai ki ga yaro na kiran kakarsa Inna, mahaifiyarsa kuma Yaya ko Anti, yadda ya ji ƙannenta na kiranta. Sunan na bin wanda ya yi riƙon. Mutanen Ailan na dā ma haka suke. Dokokinsu na gargajiya sun tsara riƙo dalla-dalla, kuma a tsohon harshensu kalmomin shagwaɓa da yaro ke kiran uwa da uba da su, muimme da aite, mariƙa ake kira da su.

Sau biyu Cáit ta faɗi kalmar. Ta sheƙa da gudu ta cim ma motar mariƙanta a bakin ƙofar gona, ta rungume Seán, sai ta hango mahaifinta ta saman kafaɗarsa yana tahowa. Na farkon za ki iya cewa sanarwa ce, ga Baba nan zuwa. Na biyun ta faɗe shi ne fuskarta a cikin wuyan rigar Seán, idonta a rufe.