Filin Tambaya da Amsa: Wai Mu 'Yan Gidan Madugu Daga Ina Muka Fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya zafin Garwa. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundare amma gidanmu Garwa ne, sunan da ke kan takardar haihuwata Madougou, haka aka rubuta shi da "ou" irin na Faransanci, kuma tun ina ƙaramar lekol ban taɓa haɗuwa da mai wannan suna ba in ba 'yan gidanmu ba, har abokaina Fulani na tsokanata wai sunan mutanen Mali ne. Na tambayi babana ya ce shi dai ya taso ya ji haka ake kiran kakansa, iyakar saninsa ke nan. To kwanaki wani mutum daga Benin ya turo min saƙo a Facebook wai tunda sunanmu ɗaya ai dangi muke, har yana cewa zai kawo ziyara in taimaka masa da kuɗin mota. Kawu don Allah mene ne ma'anar sunan, daga ina ya zo, mu nawa ne a duniya, kuma da gaske duk mai sunan ɗan'uwana ne? Ɗanka, daga Ngaundare.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Zafi kam sai godiya, Garwa ba ta sake hali ba.

Ka mayar da "ou" ɗin nan "u" ka karanta sunan da bakin gida, Madugu ke nan, kuma ban ga laifinka ba da ba ka gane shi ba, don sana'ar da ta haifi sunan ta mutu tun kafin a haifi babanka. Madugu shi ne shugaban ayarin fatake, uban tafiya kamar yadda ake masa kirari. Zamanin da ba mota ba jirgi, in 'yan kasuwa za su yi doguwar tafiya ba mai tashi shi kaɗai sai dai in ya gaji da ransa, taruwa ake yi mutum ɗari-ɗari da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, a ɗora wa mutum ɗaya amanar tafiyar. Shi zai ce yau za a tashi, shi zai ce a wane zango za a yada kaya, in an iso ƙasar wani sarki shi zai shiga fada ya yi gaisuwa ya daidaita kuɗin hanya, in an zo bakin kogi shi zai yi ciniki da masu fito, in rigima ta tashi tsakanin fatake biyu kan jaki ko kan bashi gabansa za a zo, in wani ya rasu a hanya kuwa kayansa na wuyan madugu har ya kai wa magada. Yana da jagaba mai shiga gaba don duba hanya, da uban dawaki, da malamin ayari mai addu'a da duba ranar tashi. (Jagaban nan shi ne dai kalmar da kake ji a sarautar Jagaban Borgu ta shugaban Najeriya Tinubu, kuma ba abin mamaki ba ne, Borgu ai kan hanyar goro take.) Aiki ne da kuɗi kaɗai ba sa ba ka shi, sai ka san hanya, ka san sarakunanta, ka ji yarukan mutanenta, kuma a san ba ka cin amana.

Babbar hanyar da aka fi sani ita ce ta Gwanja, daga Kano da Katsina a ratsa Borgu a kai Salaga a arewacin Ghana ta yau, a kai kanwa da tufafin rini a dawo da huhunan goro, tafiyar watanni zuwa da dawowa, har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar. Amma mu ta nan ɓangaren hanyarmu ta Adamawa ce. Bayan Modibbo Adama ya zauna a Yola a 1841, lamidai kuma sun kafu a Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo, sai fataken Hausawa suka biyo baya da riguna da wanduna da tsakiya da kanwa, su koma da hauren giwa da goron da ke fitowa daga tsaunukan wajen Bamenda ta Banyo, da kuma bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne ko da ba daɗin ji. Yawancin unguwannin Hausawa da ka gani a garuruwan nan zangon fatake ne ya zama gari. Akwai ma wani madugu da tarihi ya riƙe sunansa, Madugu Mai Gashin Baki, shi ne ya yi wa wani Bajamushe mai yawon bincike, Flegel, rakiya a tafiyarsa ta Adamawa wadda ta kai shi Ngaundare a 1882, kuma a 1884 Flegel ya tafi da shi har Balin tare da wani madugun, aka rubuta labarin rayuwarsa. Ka ga garin da kake karatu ma maduganmu sun taka shi da ƙafa tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1974.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Madugu ba sunan dangi ba ne tun asali, laƙabin aiki ne, kamar ka ce Liman ko Sarkin Pawa ko Wanzam. Mu Hausawa ba mu gaji abin nan da Bature ke kira sunan iyali ba. Ran suna a raɗa maka sunan yanka, a gida a laƙaba maka Tanko ko Gambo ko Ɗanladi, in ana son bambanta ka da takwaranka a haɗa da sunan ubanka ko garinku ko sana'arka, ɗanka kuma ya ɗauki naka sunan, na kakansa ya faɗi, haka abin ke juyawa kowane ƙarni. Takarda ce ta zo ta daskarar da shi. Jamus sun ci Garwa da Ngaundare a 1901, Faransa ta karɓa a 1916, daga nan aka shiga rubuta mutane don haraji da lekol da katin ɗan ƙasa, akawu yana da gurbi biyu a takardarsa dole ya cika su, ya tambayi yaro ɗan wa ne, a ce ɗan Madugu ne, shi ke nan ya rubuta yadda kunnensa ya ji da rubutun Faransanci, jikoki su gada. Ba ku kaɗai abin ya samu ba. Dubi Issa Tchiroma Bakary ɗan Garwa, Tchiroma ɗin nan ai Ciroma ce, sarauta. Dubi Bello Bouba Maigari da ya yi firaminista a 1982, mai gari ne aka haɗe. A Kano ma zuriyar Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, sunan da duniya ta san su da shi daga Tata ne, matar da ta rene shi. Ni kaina sunan da ke kan katina laƙabin tsokana ne da kakata ke kiran babana da shi saboda ba ta iya faɗin sunansa na yanka, ɗan fari ne, kunya, yau ga shi har jikokina na amsa shi a makaranta.

Saboda haka amsar tambayarka ta ƙarshe a'a ce, kama da wane ba ta wane. Kowane ayari da madugunsa, na Kano daban na Zariya daban na Borno daban, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, wasu ma ba Hausawa ba ne harshen kasuwa ne ya haɗa su. Kuma ko a gida ɗaya ba duk mai amsa sunan ne jinin madugun ba, yaran gida da barori da waɗanda aka 'yanta duk "na Madugu" ake ce musu, wani kuma sunan kakansa aka mayar masa sai aka riƙa kiransa da laƙabin kakan alhali ko garin Fitowa da ke nan kusa da Garwa bai taɓa zuwa da jaki ba. A naku gidan tunda babanka ya ce kakansa ake kira haka, in ka ƙirga baya za ka faɗa wajen ƙarshen zamanin ayari, don haka ni zuciyata ta fi karkata ga cewa tsohon ya ja ayari da gaske, amma wannan zato na ne, tabbacin yana bakin tsofaffinku.

Maganar ku nawa ne, dalilin ƙarancinku ma a fili yake, mutum ɗari-ɗari ne ke bin madugu ɗaya, kuma cikin madugan ma sai wanda takarda ta riski laƙabinsa da rai kafin a manta shi. Ƙidayar jama'a da Kamaru ta yi a 1976 da 1987 da 2005 ana fitar da sakamakonta ne bisa yanki da shekaru da maza da mata, ba a jera mutane bisa sunan gida. Shafukan intanet masu ba ka lamba kuwa ka riƙe su da hannu bibbiyu amma kar ka rantse da su, don sunan ya rabu gida-gida, a Najeriya Madugu, a ƙasashen Faransanci Madougou, wani akawun ya yi rabi da rabi ya rubuta Madugou, kwamfuta kuwa kowanne suna daban take ɗaukarsa, ga kuma ɗimbin mutanenmu na karkara da ba su da takardar haihuwa sam. Abin da za ka lura da shi dai, duk inda sunan ya ɓullo to tsohuwar hanyar fatake ce, arewacin Najeriya, Nijar, arewacin Benin wajen Paraku da Jugu, zangunan Ghana, da nan wajenmu. A Benin akwai Reckya Madougou da ta taɓa riƙe ministar shari'a, a Najeriya akwai Justine Madugu kocin da ya ci kofin Afirka da 'yan ƙwallon mata a Maroko a 2025, kuma har gobe magoya bayan Kwankwaso Madugu suke ce masa, ka ga kalmar ba ta mutu ba jakunan ne suka tafi. Abokanka masu maganar Mali kuma ba daga iska suka ɗauko ba, akwai garin Madougou a yankin Koro na Mali, sai dai can "dugu" gari ke nan a harsunan Mande, haɗuwar rubutu ce kawai.

In kana son asalinku da gaske ka ajiye waya ka je wajen tsofaffin mata, su ne ma'ajiyar wannan ilimi ba maza ba. Ka sayi goro na jaka ɗaya ka zauna gaban gwaggon babanka ko wata kaka da ta rage, kar ka tambaye ta ma'anar suna, tambaye ta wane gari tsohon ya baro, wane irin zane ke fuskarsa, wane kirari maroƙa ke yi wa gidanku ran biki, su wa kuke wasa da su, da wane gida ake ba ku aure a da. Manyan zuriyoyin fataken goro irin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da asali da zane suke gane junansu ko a wace ƙasa suka haɗu, ba da sunan kan takarda ba. Ka kunna rikoda a wayarka kafin ta fara, ka kuma leƙa fadar Sarkin Hausawa, can ba a rasa dattijon da ya san gidan wa ya riga gidan wa sauka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni a Injamena nake aure, sunan gidan mijina Maidougou, wata maƙwabciyata ta ce Madugu ne aka ɓata, surukata kuma ta ce su jinin sarauta ne. Wa ya fi gaskiya? 'Yarka, daga Injamena.

AMSA: Lafiya lau 'yata, kin ga wasiƙarki ta zo daidai kan gaɓa. Kar ki yi saurin ƙaryata surukarki. A Borno ɗan Mai, wato sarki, shi ne maina, 'yarsa mairam, jikansa kuma maidugu, to in gidan mijinki Barebari ne ko daga wajen Kusiri da bakin tafki suka fito, maganarta na da ƙafa. In kuwa Hausawa ne, ki tuna yawancin Hausawan Cadi hanyar hajji ce ta kawo kakanninsu, a bi ta Fort-Lamy, sunan Injamena ke nan kafin 1973, a wuce Ati da Abeshe a shiga Sudan, wasu guzuri ya ƙare suka zauna neman na gaba har zama ya zama gida, kuma ayarin alhazai ma da madugunsa yake tafiya, harafi ɗaya kuwa ba wuyar shiga ba ne a hannun akawu. Ki tambayi surukar taki wane yare kakan mijinki ke yi a cikin gida, amma ki tambaya da lallami, ba ranar da aka yi faɗa kan cefane ba.

Kai kuma ɗana na Ngaundare, tunda ɗalibi ne kai, ka ɗauko takardar haihuwarka da katin ɗan ƙasa da takardun jarrabawarka ka jera su ka duba harafi-harafi. Na san gidan da wa yake Madougou ƙane yake Madoukou saboda akawun meri, wato ofishin magajin gari, daban ne ya rubuta su, ba wanda ya kula sai ranar haɗa dosiyen konkur, wato takardun shiga jarrabawar gasa, aka dawo wa yaron da takardunsa, kuma a lokacin, bisa dokar 1981 ta rajistar haihuwa, gyaran irin wannan kuskure sai an bi ta kotu, ba aikin kwana biyu ba ne. Mutumin Benin kuwa ka amsa masa sallama da mutunci, ka tambaye shi garin da kakansa ya baro da zanen gidansu, in ya kawo amsa mai kama da taku ku ci gaba da zumunci. Kuɗin mota dai kar ka tura, jikan madugu ai ya san yadda ake zuwa Garwa da guzurinsa.