Wa ke sa hannu kafin jirgi ya tashi?

Ƙanena, ka tambaya ko wanda ya gama Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta nan Zariya zai iya gyara jirgi ya sallame shi da sa hannunsa. A'a, da sauran rina a kaba.

Kwalejin, wadda aka kafa a 1964, shaidar karatu take ba ka. Lasisi kuwa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ke bayarwa, bayan ka ci jarrabawarta ka kuma nuna kundin ayyukan da ka yi a ƙarƙashin injiniya mai lasisi. Ko ka samu, sai an horar da kai a kan samfurin jirgin. Izinin samfurin ATR 72 bai isa ka sallami Boeing 737 ba. Wurin gyaran ma sai hukumar ta amince da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babban binciken nan da ake kwance kujeru da daɓen jirgi ana neman tsatsa da tsaguwa. Kamfanin jiragen sama na Aero Contractors na yinsa a Legas, amma kamfanoninmu da yawa waje suke kai jiragensu, su biya da dala.

Ka fara cika kundinka tun ranar da ka riƙe sifana, kowane aiki ogan ya sa maka hannu nan take.